Yadda Labarin Zane Ya Shiga Makaranta

A ƙasar Beljik, mahaifar Tintin, an daɗe ana koyon labarin zane kamar yadda ake koyon ƙira ko dukanci: yaro ya zauna gaban gwani, ya yi ta kwaikwayo har hannunsa ya faɗa. A 1947 mai zanen nan Jijé ya saukar da Franquin da Morris da Will a gidansa na Waterloo, suna ci tare, suna zane tare. Makarantun fasaha kuwa sun ɗauki sana'ar wasan yara.

A 1969 ne Eddy Paape, wanda ya yi shekaru yana yi wa mujallar Spirou zane, ya fara koyar da wannan fanni a makarantar Saint-Luc ta birnin Buruksal. Magajinsa, Claude Renard, ya tura ɗalibai kowa ya nemo nasa salo. Kundinsu, Le 9e Rêve, ya fito a 1978, duniya ta ga hannun François Schuiten da Benoît Sokal.

Gwani kan gadar wa yaronsa salonsa. A Saint-Luc ɗalibi ya sami izinin saɓa wa gwani, ya zana wa manya labari.