Sunayen Kuɗin Rumawan Dā da Yadda Ake Furta Su

Sunayen tsabar kuɗin tsohuwar daular Rum galibinsu daga harshen Latin suke, kuma a yau ana jin su da lafazi iri uku: na Rumawan zamanin Yuliyas Kaisar, na cocin Katolika da ya bi bakin Italiyawa, da na Turawan Ingila masu karanta su bisa ƙa'idar nasu harshen. Masana sun gano na farkon ta hanyar awon waƙoƙin Latin da yadda Girkawa suka rubuta kalmomin Rumawa da nasu baƙaƙen. Tun a 1528 masani Erasmus ya rubuta littafi a kan batun.

Tushen lissafi shi ne as, kuɗin tagulla, jam'insa asses, ana ninka baƙin s yadda Bahaushe ke ninka shi a "sassafe". Dupondius as biyu ne. A wajajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, ana tsakiyar yaƙi da Hanibal, aka fara buga denarius na azurfa a kan as 10, kuma sunan ya fito ne daga kalmar da ke nufin goma-goma. Bayan kusan shekara 70 aka mayar da shi as 16, sunan kuwa bai sauya ba. Wasulansa biyu na farko dogaye ne, ana cewa dee-naa-ri-us, a ɗora nauyin murya a kan naa.

Ƙa'idar nauyin murya ba ta da wuya. Idan gaɓar kusa da ta ƙarshe mai nauyi ce, a kanta ake dannawa. Idan mai sauƙi ce, sai a koma wadda ke gabanta. Shi ya sa aureus, kuɗin zinariya mai darajar denarius 25, ake danna au ɗinsa, a furta shi kamar a "aure". Haka ma solidus, wanda sarki Kwanstantin ya fito da shi a farkon ƙarni na 4, guda 72 daga awon zinariya ɗaya da Rumawa ke kira libra: so ake dannawa, kuma gajere ne.

Inda aka fi saɓani shi ne sestertius, wanda asalinsa as biyu da rabi ne. Rumawa suna cewa ses-ter-ti-us, coci ta mayar da ti kusa da tsi, Ingilawa kuma suka haɗiye shi ya zama shas. Baƙin c a wurin Rumawa kullum k ne, v kuma w ne, don haka victoriatus wiktoriyatus ne. Mai karatun boko na Hausa sai ya kiyaye kada ya ba c sautin da ke cikin "ciki". Ban da wannan, Bahaushe ya fi Baturen Ingila kusa da lafazin asali, domin harshensa ya saba bambanta dogon wasali da gajere.

Sunayen sun daɗe bayan rushewar daular. Denarius ya bi ta Girkanci ya zama dinar a Larabci, kuma halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin Musulunci a shekara ta 77 bayan hijira. Ingilawa sun riƙe harafin d na denarius a matsayin alamar kwabo, kuma da shi aka riƙa rubuta farashi a Nijeriya har aka shigo da naira a 1973.