Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Sashen ya yi suna ne saboda ƙin yarda da malamansa suka yi a rubuta tarihin ƙasar Hausa daga rahotannin Turawan mulki kaɗai. Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, shi ya aza harsashinsa, kuma shi ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970. Ɗalibinsa, Dakta Yusufu Bala Usman, ya rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, tarihin da ba ya kammala sai da Maraɗi. Littafin Mahdi Adamu na 1978 kuwa ya bi sawun fataken goro da malamai har Gwanja da Asante, inda zangunan Hausawa suka kafu.