Kyautar furen wardi da ta haifar da gasa a birnin Paris

A yau za mu leƙa ƙasar Faransa ne, mu ji yadda kyautar wani attajiri ta sauya yadda ake auna nagartar furen wardi.

Sunan mutumin Jules Gravereaux. Ya tara dukiyarsa ne a babban kantin nan na Bon Marché da ke Paris, bayan ya ajiye aiki kuma sai ya koma garin L'Haÿ a kudancin birnin, inda a shekarar 1894 ya fara tara ire-iren wardi daga ko'ina. Da hukumar birnin Paris ta sayi lambun Bagatelle a 1905, mai kula da lambunanta, Forestier, ya nemi taimakonsa. Gravereaux ya ba da kyautar iri fiye da 1,000.

To, me ya sa mutum zai raba abin da ya sha wahalar tarawa? Amsar tana jikin shukar. Wardin da aka samu ta hanyar barbara ba ya maimaita kansa ta ƙwaya. In ka shuka ƙwayar, wani abu dabam za ka gani. Sai dai a yanki reshe a dasa, ko a ɗauki idon reshen a ɗaura a jikin wata uwa, kamar dai yadda manomanmu ke yi wa mangwaro aure. Ke nan irin da ke lambu ɗaya tak, sanyin hunturu guda ko wata cuta na iya gamawa da shi har abada.

Sai kuma batun tantancewa. Kowane mai lambu cewa yake nasa ya fi. Shi ya sa a 1907 aka buɗe gasar sababbin wardi ta ƙasa da ƙasa a Bagatelle, wadda ake yi har yau. Ana shuka su wuri guda, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, alƙalai na zagayawa lokaci bayan lokaci suna duba ƙarfin shukar, yawan fure, ƙamshi da jure cuta.

Abin sha'awa, ba mutanen Paris ne suka fi cin moriyar gasar a farkonta ba, 'yan Lyon ne. Birnin ya daɗe da sana'ar: tun 1805 Joséphine, matar Napoleon, ta ba lambun tsirransa kyautar wardi, a can kuma Guillot ya fitar da iri mai suna La France a 1867. Wani ɗan Lyon, Joseph Pernet-Ducher, ya ci lambar zinariya ta Bagatelle sau da dama. Shi ne a 1900 ya fito da Soleil d'Or, bayan shekaru yana barbara da wani wardi ruwan ɗorawa na ƙasar Farisa. Launin ya ɗauki hankali ƙwarai. Amma tare da launin, zuriyar ta gaji raunin kamuwa da cutar baƙin ɗigo a ganye, matsalar da masu barbara suka daɗe suna fama da ita. A ganina irin wannan ne dalilin da ya sa duban rana ɗaya ba ya isa.

Garin L'Haÿ dai ya ƙara "les-Roses" a sunansa a 1914, Gravereaux kuma ya rasu a 1916. Lambunsa na nan a buɗe ga jama'a.

A nan za mu dasa aya, sai wani makon idan Allah ya kai mu.