Tankokin Ban Dariya na Janar Hobart da Saukar Nomandi

Yau za mu leƙa Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira yaƙin Hitila, mu ga yadda injiniyoyi suka warware wata matsala da ta ci rayuka: ta yaya soja zai fito daga teku da motocinsa masu nauyi, ya ƙetare gaɓar da abokin gaba ya daɗe yana kafa wa tarko?

Labarin ya faro ne da asara. Ranar 19 ga Agusta 1942 sojojin ƙawance kimanin 6,000, akasarinsu 'yan Kanada, suka kai hari garin Dieppe da ke bakin teku a Faransa. Tankokin yaƙi 27 ne suka taka gaɓa. Tsakuwar wurin ta riƙa shiga sarƙar ƙafafunsu tana tsinka ta, 15 da suka samu suka haye katangar bakin teku kuma suka tarar an toshe hanyoyin shiga gari da kankare. Injiniyoyin da aka ɗora wa alhakin fasa kankaren a ƙafa suke, babu abin da ya kare su daga harsashi, don haka ba su kai ga aikin ba. 'Yan Kanada fiye da 900 suka mutu a yini guda, aka kama kusan 2,000, kuma babu tanka ko ɗaya da ta koma Ingila.

A 1943 aka damƙa wa Manjo Janar Percy Hobart aikin neman mafita tare da Runduna ta 79 ta motocin sulke. Hobart mutum ne mai zafin kai da bai iya lallashin manya ba. An taɓa yi masa ritaya a 1940, har ya shiga 'yan sa-kai masu gadin gida da ƙaramin muƙami, sai Churchill ya sa aka dawo da shi. Motocin da rundunarsa ta tara ta gwada suna da siffa mai ban mamaki, shi ya sa sojoji suka raɗa musu suna ababen ban dariyar Hobart.

A ɗaya ɓangaren, Janar Rommel na Jamus ya cika gaɓar da turakun katako masu nakiya a ka, da ƙarafan da aka harɗe, da waya mai ƙaya. Ya yi zaton za a zo lokacin da teku ta ciko, jirage su hau tarkon ba su gani ba. Sai 'yan ƙawance suka zaɓi sauka jim kaɗan bayan teku ta janye, tarkon na fili, ko da yake hakan na nufin doguwar tafiya a kan yashi cikin ruwan wuta. Ƙasar ma sai da aka bincika. A daren 31 ga Disamba 1943 Manjo Logan Scott-Bowden da Saje Bruce Ogden-Smith suka yi iyo a ɓoye zuwa gaɓar Nomandi suka ɗebo samfurin yashi da yumɓu, domin a san inda tanka za ta kafe.

Kowace matsala aka yi mata mota. Domin nakiya, aka ɗaura wa tankar Sherman wani gunduman ƙarfe a gaba mai sarƙoƙi 43, yana juyawa yana dukan ƙasa kamar ana bugun shinkafa, nakiyar ta fashe tun kafin tankar ta iso. Sunanta Crab, wato ƙaguwa, kuma idan tana aiki mai tafiya a ƙafa ma ya fi ta sauri. Domin kankare, aka mayar da tankar Churchill motar injiniyoyi, da gajeriyar igwa mai jefa bam mai nauyin kilo 18. Wannan motar kan ɗauko ƙaton damin itace ta jefa cikin rami a bi ta kai, ko ta ɗauko gadar ƙarfe mai ƙetare faɗin mita 9. Wata kuma nannaɗaɗɗen tamfol take ɗauke da shi tana shimfiɗawa kamar tabarma a kan yumɓu mai laushi. Har katafila aka sa wa sulke.

Wadda ta fi jan hankali ita ce tanka mai iyo, dabarar Nicholas Straussler, injiniya haifaffen ƙasar Hungari. Ana kewaye tankar da bangon tamfol mai tsayi, a sa mata farfela biyu a baya, sai ƙarfe mai nauyin tan 30 ya yi ta tafiya a kan ruwa. Da ta taka ƙasa a sauke tamfol, ta fara harbi.

Ranar 6 ga Yuni 1944 sojoji kimanin 156,000 suka sauka a Nomandi ta ruwa da ta sama. A gaɓar Gold da Juno da Sword, inda Birtaniya da Kanada suka sauka, motocin Hobart sun buɗe hanyoyin fita duk da cewa da yawa sun lalace. A gaɓar Omaha ta Amurkawa abin ya yi muni. Wata bataliya ta saki tankoki masu iyo 29 a nisan kusan kilomita 5 cikin igiyar ruwa mai ƙarfi, 27 suka nutse. Ƙungiyoyin injiniyoyi 16 da aka tura su share hanyoyi 16 ba su samu buɗe ko rabi ba kafin teku ta ciko ta rufe tarkon. Waɗanda aka kashe, da masu rauni, da waɗanda suka ɓace a wurin sun haura 2,000.

A nan ne masana tarihi suka rabu. Chester Wilmot, a littafin da ya fitar a 1952, ya ɗora laifin a kan shugabannin sojan Amurka da suka sauka babu ƙaguwa babu motar injiniyoyi. Wasu daga baya suka ce a duba gaɓar Utah: a can ma Amurkawa ba su da waɗannan motoci, amma asarar rundunar da ta sauka ba ta wuce mutum 200 ba. Omaha na da tudu mai tsayi da 'yan ƙananan hanyoyin fita, ga kuma Runduna ta 352 ta Jamus da ba a yi tsammanin ƙarfinta a wurin ba. Ni dai a ganina hujja ta biyu ta fi nauyi, sai dai injiniyan da ya tsaya a fili yana ɗaure nakiya a jikin turke da ya samu sulke da ya fi masa.

Bayan sauka sai batun kawo abinci da mai da harsasai. Dieppe ta nuna ƙwace tashar jiragen ruwa ba abu ne mai sauƙi ba, don haka aka gina tashoshi biyu a Birtaniya gunduwa-gunduwa, aka jawo su ta teku aka haɗa, ɗaya a Omaha ɗaya a Arromanches. Guguwar da ta taso ranar 19 ga Yuni ta wargaza ta Omaha, ta Arromanches kuwa ta ci gaba da aiki na tsawon watanni. Har yau manyan akwatunan kankarenta na nan tsaye cikin ruwa a gaban garin.

Wanda ke da wata fahimta a kan Omaha ya kawo, mu tattauna. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.