Yadda Sansanin Soja Ya Zama Barikin Gwamna a Damagaram

Wanda ya taso daga Matamaye zai shiga Damagaram, in ya kai Takeita ya karya gabas, dole ya ratsa Tirmini. Mota ba ta cika tsayawa a nan ba, sai dai a sauke wani da buhun geronsa a wuce. Amma a wannan fili ne, a ƙarshen watan Yulin 1899, dawakin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka yi karo da bindigogin Faransa. Yini guda ya raba gardama. Sarki ya fice daga Birni, aka bi sawunsa, aka kashe shi a watan Satumba.

Rundunar da ta yi wannan aiki ragowar ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ce, waɗanda suka bar gawawwaki tun daga Birnin Ƙonni har ƙasar Tasawa, kafin sojojinsu su juya musu baya su harbe su. Laftanan Pallier da Joalland suka karɓi ragama. Suna kuma da bashin jini da suke bin Damagaram, domin a watan Mayun 1898 an kashe Kyaftin Cazemajou da tafintansa Olive a garin, aka jefa gawarwakinsu a rijiya. Saboda haka da suka ci gari, suka hau kan duwatsun nan da ke tsakanin Birni da Zango suka gina sansani, sunan Cazemajou suka laƙaba masa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin duwatsun ya ɗaga kai ya san abin da ya sa aka zaɓi wurin. Manyan curarrun duwatsu ne, wani kan wani, kamar an tara su da hannu. Daga sama ana hangen ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ita, ana hangen fada, ana hangen Zango inda fatake da Buzaye ke sauke raƙuma. Mutum ɗaya da igwa ɗaya a can sama ya isa ya hana gari biyu barci. Da Joalland da wani hafsa Meynier suka wuce Tafkin Cadi a watan Oktoba, wani saje mai suna Bouthel kawai suka bari da 'yan sojoji, shi ya tarbi wani ayarin Faransa, na Foureau da Lamy, lokacin da suka fito daga Sahara a watan Nuwamba.

A shekarun farko babu wani ofishi ban da sansanin. Kwamandan soja shi ne alƙali, shi ne mai karɓar lanho, shi ne mai aika takarda. Inda ake ajiye harsashi nan ake ajiye littafin ƙidayar mutane da dabbobi. A 1900 Faransa ta sa wa yankin suna Ƙasar Soja ta Uku, sunan kuwa bai ɓoye komai ba. Sun naɗa Amadu Ɗan Bassa a gadon sarauta, amma a 1906 suka zarge shi da ƙulla makirci, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa. Har attajirin Zango, Malam Yaro, wanda ya yi hulɗa da su tun zuwansu, bai tsira daga wannan zargi ba. Suka damƙa riƙon gari a hannun Bellama, bawan fada. Wannan ya yi wa Damagarawa ciwo ƙwarai, kuma daga ranar kowa ya gane cewa hukunci ya bar zauren sarki ya hau dutse.

A daidai wannan lokaci wasu mutane da ba su taɓa shan ruwan ƙasar ba suna zaune a Paris da Landan suna jan layi a kan takarda. Yarjejeniyar 1898 ta tura Faransawa cikin hamada, ta bar su da hanyar da ba rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Suka yi ta kuka har aka gyara a 1904 da 1906, sannan Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamun iyaka har 1908. Da haka Kance da Matamaye suka faɗa hannun Faransa, Daura ta faɗa hannun Ingila. Mutumin da 'yarsa ke aure a ƙauyen da ake jin kiran sallarsa ya wayi gari ita tana ƙarƙashin wani Nasara, shi yana ƙarƙashin wani.

A 1911 aka ɗauke hedikwatar ƙasar daga Yamai aka kawo ta Damagaram. Nan fa sansani ya yi kaɗan. Ana bukatar gidan babban kwamanda, da ma'aji, da gidan waya, da asibiti, da ɗakunan akawuna da tafintoci waɗanda yawancinsu daga Senegal da Dahomey da ƙasar Bambara aka kawo su. Sai gini ya gangaro daga dutse ya bazu a filin da ke tsakanin Birni da Zango, gidaje masu kaurin bango da faffadar baranda, da tituna miƙaƙƙu irin waɗanda garin bai saba da su ba. Magina Hausawa ne suka yi aikin, da tubali da azara da makuba, irin fasahar da suka gada. Wanda ya kwaɓa ƙasar da wanda ya ɗauko azarar a ka kuwa, talaka ne da aka kamo daga ƙauye a aikin tilas. Gardi zai zo wa hakimi da adadi, hakimi ya raba wa masu gari, mai gari ya shiga gida gida. Ba a soke wannan aiki ba sai a 1946. Ina ganin duk mai yaba kyan tsofaffin gidajen nan, ya kamata ya tuna da wuyan da ya ɗauki itacen rufinsu.

Haka aka yi a Kano. Da Ingilishi suka ci garin a Fabrairun 1903, gidan sarki na Nasarawa da ke bayan ganuwa suka mayar mazauninsu, daga nan unguwar Turawa ta tsiro. Kalmar bariki ma da muke faɗa, asalinta mazaunin soja ne. Ta zama wurin ofisoshi, daga baya ta zama sunan duk wata rayuwa da ta kuɓuce wa idon iyaye, har ake cewa wane ɗan bariki ne.

Tarin takardu bai sa sansanin ya manta aikinsa na farko ba. A Disambar 1916 Kawusan, jagoran Buzaye, ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya a Agadas, kuma daga Damagaram rundunar da ta kwance su a Maris 1917 ta tashi, da taimakon Ingilishi daga Najeriya. Sai a 1922 Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka mai gwamna farar hula, Jules Brévié. A shekara mai bi aka mayar da sarauta gidan Tanimu, aka naɗa Barma Mustafa. Duk da haka jami'in da ke mulkin kowane yanki, ko bai taɓa riƙe bindiga ba, kwamanda ake ce masa. Har yau akwai tsofaffi a ƙasar Matamaye da in za su ambaci babban jami'in gwamnati, kwamanda za su ce.

Zaman gwamna a Damagaram bai daɗe ba. Ruwa ya yi ƙaranci, matsalar da garin ya daɗe yana fama da ita. Sannan jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, fataucin Damagaram duk ya fuskanci kudu, sulen Ingila na yawo a kasuwanni, malamai da attajirai suna kai da komo ba mai iya tsare su. Faransa ba ta so babban birninta ya zauna a inuwar Kano. A 1926 Brévié ya kwashe ofisoshinsa ya koma Yamai, bakin kogi. Gidajen da aka gina wa gwamna da mutanensa suka koma hannun kwamandan yanki, bayan 1960 kuma suka zama ofisoshin gwamnatin Nijar. Sansanin kan dutse ya ci gaba da zama a hannun soja, sai dai an cire masa sunan Cazemajou, an sa na Tanimu.