Zaiba a Cikin Haƙori: Tsohuwar Gardama

Kusan rabin cikon haƙori mai launin azurfa zaiba ce. Tun 1845 wata ƙungiyar likitocin haƙori a Amurka ta hana mambobinta amfani da shi, amma arha da ƙarko suka rinjaya. Al'amarin bai sauya ba sai bayan zaibar masana'anta ta nakasa mutanen Minamata a Japan. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar da ta ɗauki sunan garin a 2018, kuma a 2022 ƙasashe suka yarda a nisanta cikon daga yara da masu ciki da masu shayarwa. Farin cikon da ke maye gurbinsa ya fi tsada. Basakkwacen da tsohon cikonsa bai lalace ba, barinsa ya fi, domin ƙwaƙule shi ne ke tayar da tururin zaiba.