Daga Gajeren Zango Zuwa Intanet: Yadda Kunnenmu Ya Sauya

Mu da muka taso a Ƙofar Marusa mun san rediyo da ƙugi kafin mu san shi da tsabtar murya. A ranar 13 ga Maris, 1957, Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar da shirin farko na Sashen Hausa na BBC. Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Tashoshin ƙetare a gajeren zango iyayenmu suke kamo su. Saƙon yakan tashi sama, ya bugi wani sashe na sararin samaniya, ya dawo ƙasa, shi ya sa murya take zuwa tana tafiya kamar iska na kaɗa ta. Faɗin sautin bai wuce kilohaz 5 ba. Ya isa a fahimci labarai, amma kalangu da kukuma sukan fito a shaƙe.

FM ce ta buɗe mana kunne, domin faɗin sautinta ya kai kilohaz 15. Bayan dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar kafa tasha, Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, mu ma a Katsina muka samu Companion FM da Vision FM. Aibinta ɗaya: ba ta cin dogon zango. Mai tafiya ƙauye yana nisa, tana dusashewa.

Sai aka yi mana albishir da rediyon dijital, wanda aka ce babu ƙugi a cikinsa. Kamfanin WorldSpace ya harba tauraron AfriStar a 1998 domin Afirka, ya durƙushe a 2008. Muryar Najeriya ta buɗe tashar Lugbe a Abuja a 2012, da na'urori masu iya watsa shiri a tsarin DRM. Ƙasar Nowe ma ta rufe tashoshin FM na ƙasa a 2017 ta koma tsarin DAB. A nan kuwa akwatin da zai kama irin wannan saƙo bai zama kayan kasuwa ba, sai wayar hannu ta riga shi shiga aljihu.

Sautin intanet ya danganta da yadda aka matse shi. Tashar da ke turo kilobit 64 a daƙiƙa takan ci kusan megabayit 29 a awa guda, mai 128 kuma ninki biyu. Na biyun yana iya yin kafaɗa da FM in sabis ya tsaya. In ya yi rauni, maganar takan yanke ɗif. Gajeren zango ko ya lalace, mai haƙuri yakan tsinci kalma cikin ƙugi.

Mun ga amfanin wannan bambanci a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga. Mai data ya zauna da waya shiru, mai batir biyu da eriya ya ci gaba da jin duniya.

Saboda haka in za mu auna sauti, kada mu tsaya kan daɗinsa kaɗai. Mu tambayi nawa ake biya, wa ke iya kashe shi, kuma ko yana isa ga manomin Batsari da Jibiya ranar da ya fi buƙatarsa.